Gida Da Kewaye: Shaidar Da Ke Manne A Jikin Itace

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ɗan abu wanda kusan kowa ya taɓa gani, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa su dube shi da kyau. In ka je gindin tsohuwar tsamiya, ko mangwaro, ko kaɗanya, ka ƙura wa ɓawon ido, sau da yawa za ka ga waɗansu tabo-tabo, waɗansu fari-fari, waɗansu toka-toka, waɗansu kuma rawaya, kamar an yayyafa fenti ya bushe. Akan same su a kan duwatsu kuma. Mutane sukan haɗa su da sauran kore-koren da ke fitowa da damina, su ce duka gansakuka ce. Turawa suna kiran wannan iri laikin. Mu a nan za mu ce da ita gansakukar itace.

Abin da ya sa muka ɗauko zancenta shi ne, masana sun fi shekara 150 suna amfani da ita don su san ko iskar wuri tana da tsabta, yanzu kuma suna dubanta don su ga yadda zafi da ruwan sama suke sākewa a dazuzzuka. Mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi kuwa ba sa bukatar a gaya musu abin da ƙura mai dafi takan yi wa gida, gama sun gani da idonsu. Saboda haka ya kamata mu san wannan shaida da ke tsaye a ƙofar gidajenmu, mu san abin da za ta iya faɗa mana, mu kuma san inda iyakarta take.

Mece ce gansakukar itace?

Da fari kada mu ɗauke ta kamar kauci. Kauci yakan kafa saiwarsa cikin reshe, ya sha ruwan itacen, har ya raunana shi. Gansakukar itace ba ta shan kome daga itacen. Wurin zama kaɗai take nema, shi ya sa takan zauna a kan dutse ma, inda babu abin sha ko kaɗan. Wanda ya gan ta a jikin mangwaronsa kada ya kankare ta, ba cuta ba ce.

Abin mamaki game da ita shi ne, halitta biyu ce a jiki ɗaya. Ɗaya dangin funfuna ce da naman kaza. Ɗayar kuma dangin koren nan ne da ke kwanciya a kan ruwan tafki, ƙanana ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu. Funfunar ita ce gida: takan riƙe ruwa, ta kāre maƙwabciyarta daga zafin rana. Koren kuma shi ne mai dafa abinci, gama da hasken rana yake yin abin da su biyun za su ci. Wani masani na ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, shi ne ya fara bayyana wannan a 1867, aka daɗe ana musu da shi kafin a yarda. Yanzu an san iri wajen 20,000 a duniya. Yaranmu da suka yi gwaji da takardar litmas a makaranta, wadda takan juya ja ko shuɗi, sun riga sun taɓa amfani da ita, domin daga jikinta ake samun rinin.

Siffarta iri uku ce. Akwai mai mannewa sarai kamar fenti, wadda ba a iya ɓamɓare ta sai da ɓawon. Akwai mai ganye-ganye, wadda gefenta yakan ɗan tashi har a iya sa farce ƙarƙashinsa. Akwai kuma mai gashi, wadda takan yi reto daga reshe kamar gemun tsoho. Wannan ta uku tana son hazo da sanyi, sai a wurare irin su tsaunukan Mambila da Obudu ake ganinta da yawa. A ƙasarmu ta yammacin Zamfara mai mannewa ta fi yawa, mai ganye kuma sai inda akwai laima da inuwa.

To, ga inda amfaninta yake. Ba ta da saiwa. Ba ta da fata mai santsi irin ta ganye wadda za ta hana abu shiga. Duk abin da take sha daga sama yake zuwa: ruwan sama, raɓa, hazo, ƙura, hayaƙi. Ba ta kuma zubar da ganye kamar itace don ta rabu da abin da ta sha. Girmanta kuwa sannu-sannu ne, waɗansu ba sa ƙaruwa fiye da milimita ɗaya ko biyu a shekara. Wato tabon da bai fi tafin hannu ba yana iya girme wa wanda yake dubansa, kuma duk shekarun nan yana ta tara abin da iska ta kawo.

Abin da aka gani a ƙasashen Turai

A 1866 wani masanin tsire-tsire ɗan ƙasar Finlan mai suna William Nylander, wanda yake zaune a birnin Faris na Faransa, ya lura cewa itatuwan cikin birni ba su da gansakuka kamar na ƙauye. A wani babban lambu da ake kira Lambun Luksambur ne ya tarar da saura. Ya rubuta cewa za a iya auna lafiyar iska da ita. Shekara 30 bayan haka, a 1896, ko a wannan lambu ma babu ita a jikin itatuwa. Abin da ya kashe ta shi ne hayaƙin kwal da ake ƙonawa a gidaje da masana'antu, domin a cikin kwal akwai farar wuta, hayaƙinta kuwa yakan kashe koren nan mai dafa abinci. In mai dafa abinci ya mutu, gidan duka ya mutu.

Hayaƙin da ya kashe gansakuka bai bar mutane ba. A watan Disamba 1952 hazo mai haɗe da hayaƙin kwal ya rufe birnin Landan kwana biyar. Lissafin farko ya nuna mutum wajen 4,000 sun mutu, binciken baya kuma ya nuna sun fi haka nesa. Wannan ya sa Ingila ta kafa dokar tsabtace iska a 1956.

A 1970 waɗansu masana biyu na Ingila, Hawksworth da Rose, suka shirya ma'auni mai hawa daga sifiri zuwa 10. Mutum yakan dubi irin gansakukar da ke jikin itace, ya san kimanin yawan hayaƙin farar wuta a wurin. A tsakiyar garuruwan masana'antu ɓawon itace fayau yake. In an ɗan fita, sai a fara ganin mai mannewa. In an ƙara nisa, sai mai ganye. Mai gashi kuwa sai can inda iska take da tsabta sosai. Abin yana da sauƙi har a farkon shekarun 1970 dubban 'yan makaranta a Birtaniya suka dudduba itatuwan unguwanninsu, suka aika da abin da suka gani, aka haɗa taswirar ƙazantar iska ta ƙasar daga rahotanninsu. Ku lura, yara ne suka yi wannan aiki, da ido da fensir.

A Italiya kuma, a 1997, masana biyu, Cislaghi da Nimis, suka zana taswirar gansakukar itace ta lardin Beneto, suka ajiye ta kusa da taswirar mutuwar maza daga ciwon daji na huhu. Taswirorin biyu suka yi kama ƙwarai: inda gansakuka ta ragu, nan ciwon ya fi yawa. Rashin gansakuka ba shi ya kawo ciwon ba. Iska ɗaya ce ta taɓa su duka biyu.

Labarin yana da daɗin ƙarshe. Da aka rage ƙona kwal, gansakuka ta fara komowa Landan, wajen 1990 kuma aka sāke ganinta a jikin itatuwan lambun nan na Faris. Wato tana ba da shaidar ɓarna, tana kuma ba da shaidar gyara.

Shaidar zafi da ruwan sama

Ban da hayaƙi, gansakukar itace tana jin sauyin zafi da laima tun kafin manyan itatuwa su nuna. A lardin Utrek na ƙasar Holan an yi ta ƙidaya ta a kan itatuwa, lokaci bayan lokaci, tun daga 1979. A 2002 masana suka ba da rahoto cewa irin da ke son ɗumi suna ƙaruwa, irin da ke son sanyi kuwa suna raguwa. Hukumar gandun daji ta Amurka ma tun shekarun 1990 take tura ma'aikata su tattara ta a dubban wurare cikin dazuzzukan ƙasar, domin a san halin iska da na yanayi. An kuma gane cewa inda hayaƙin taki da kashin dabbobi ya yi yawa, irin rawaya sukan yawaita su kori sauran.

Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 suna iya nuna inda dā akwai kurmi, yanzu sai fili. Sara don itacen girki da gawayi ya ƙara a kan abin da fari ya yi. In aka sare manyan itatuwa, inuwa ta tafi, raɓa ba ta daɗewa da safe, gansakuka mai ganye ita ce ta farko da za ta bushe ta ɓace. Gulbin Zamfara ya bi ta ƙasar Anka da Bukkuyum ya gangara Gummi, itatuwan bakinsa da na fadamu kuwa sun fi na tudu samun laima. Wanda yake duban itatuwan bakin gulbi shekara da shekaru zai ga ko laimar tana tsayawa ko tana janyewa.

Amma a nan sai mu yi hankali. Ma'aunin Ingila an yi shi don ƙasa mai ruwan sama kusan dukan shekara. A wurinmu rani yakan kai wata bakwai, ga ƙurar hunturu, ga gobarar daji wadda takan babbake ɓawon itace. Saboda haka in ka ga itace ba gansakuka, kada ka yi saurin cewa iskar garinku ta lalace. Watakila bushewa ce kawai, ko wuta ta bi ta wurin bara. Abin da zai koya mana wani abu shi ne gwada wuri da wuri, da kuma gwada bana da baɗi.

Abin da ya faru a 2010

Yawancin masu karatu suna tune da wannan shekara. Farashin zinariya ya hau a kasuwar duniya, mutanen ƙauyuka suka dukufa haƙa. Duwatsun da suke haƙowa kuwa cike suke da dalma. Akan kawo su gida, a farfasa, a daka a turmi, ko a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara suke rarrafe. A watan Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na Gari Na Kowa, wato MSF, waɗanda suke yawon duba cutar sanƙarau, suka tarar yara suna ta mutuwa da jijjiga, maganin zazzaɓi kuwa ba ya yi musu kome. Da aka gwada jininsu sai aka ga gubar dalma ce.

Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta bi gida-gida a ƙauyuka biyu, ta tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin huɗu. A waɗansu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa a lokacin don wurin wasan yara 400 ce. Duka-duka yara fiye da 400 suka rasu. Aka kankare ƙasar saman tsakar gidaje aka zuba sabuwa a Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Duza a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka samu kuɗin gyara ta. MSF ta gwada yara fiye da 8,000 kafin ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022. Irin wannan masifa ta sāke aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015.

Akwai wani ɗan bayani cikin labarin nan wanda ya shafi zancenmu. Daga baya mutanen ƙauyukan suka gaya wa ma'aikatan lafiya cewa tun farkon shekarar sun lura agwagi suna ɓacewa. Agwagwa tana cusa baki cikin taɓo da ƙasa dukan yini, don haka ita dalmar ta fara kamawa. Mutane sun gani, amma ba wanda ya ɗauka wani abu ne, ba wanda ya kai labari. Ba mu faɗi wannan don a ga laifin kowa ba, gama ba wanda ya taɓa koya musu cewa mutuwar agwagwa gargaɗi ce. Abin koyo shi ne, ƙananan halittu sukan ji ciwo kafin mu, in kuwa kunne ya ji, jiki ya tsira.

Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba 2024. Duwatsun ba su sāke hali ba. Dalmar tana nan cikinsu kamar dā.

Shaida iri biyu

Gansakukar itace tana ba da shaida ta hanya biyu, kuma wajibi ne mu rarrabe su, domin rai yana iya rataya a kan wannan.

Hanya ta fari ita ce wadda ido yake gani: ta ragu, ta koɗe, ta mutu, ko wani iri ya kori wani. Wannan yana nuna hayaƙi, da bushewa, da sarar daji.

Hanya ta biyu ido ba ya ganinta. Ƙarafa masu dafi irin su dalma da zaiba sukan taru a jikinta, ita kuwa tana nan lafiya lau a ido. Waɗansu iri suna iya ɗaukar dalma mai yawa ba su mutu ba. Sai an ɗebe ta an kai ɗakin gwaje-gwaje za a san abin da ta sha. Da wannan hanya aka nuna a ƙasashe da yawa cewa gansakukar bakin titi ta fi ta nesa dalma, a zamanin da ake zuba dalma cikin man fetur. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun bar irin wannan mai a farkon 2006, Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Haka kuma bayan haɗarin tashar nukiliya ta Canobil a 1986, gansakukar ƙasa a Suwidin da Norwe ta sha gubar da iska ta kai can, dabbobin kiwo irin barewa da suke cinta suka ɗauka, har aka hana cin naman dubbai daga cikinsu.

A wurinmu zaiba, wadda masu haƙa suke kira makuri, ita ma abin damuwa ce. Akan cuɗa ta da garin dutse ta kama zinariya, sa'an nan a ƙona ta tashi ta bar zinariyar. Tururinta ba shi da launi, ba shi da wari, yana kuwa lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, musamman na jariri a ciki. Gansakuka tana shan wannan tururi ta ajiye. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba a 2018.

Inda gansakuka ba ta da yawa, masana sukan ɗebo ta daga wuri mai tsabta, su sa a 'yan jakunkunan raga, su rataye a wurare dabam-dabam na makonni ko watanni, sa'an nan su kwashe su gwada. Wannan ya fi sayen injin auna iska araha nesa, ba ya kuma bukatar lantarki. Aiki ne da ya dace da ɗalibai da malaman Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Da shi za a iya sanin iyakar nisan da ƙurar wurin niƙa take kaiwa, da gefen da iska take kai ta da hunturu da kuma da damina. Wanda ya san wannan ya san inda bai kamata a gina makaranta ko a haƙa rijiya ba.

Don haka muna roƙonku ku riƙe wannan da kyau: ganin gansakuka kyakkyawa a jikin itacen ƙofar gida ba ya nuna cewa babu dalma a tsakar gidan. Yaran 2010 ta hannu da baki suka fi shan gubar, daga ƙasar da suke wasa a kai. Gwajin jini da gwajin ƙasa ne kaɗai suke nuna wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa.

Yadda iyali ko makaranta za su fara dubawa

Shaidar ido kuwa kowa yana iya karɓarta, ba sai da kuɗi ba. Ga yadda za a yi.

1. A zaɓi wuri uku: ɗaya kusa da tasha ko kasuwa ko inda injuna suke aiki, ɗaya a bayan gari, ɗaya a bakin gulbi ko fadama. Kada kowa ya shiga daji saboda wannan. Kun san halin da dazuzzukanmu suke ciki, itatuwan cikin gari da na gonakin kusa sun isa. Kada kuma a kai yara wurin da ake niƙa dutse.

2. A kowane wuri a zaɓi itace biyar iri ɗaya, masu kauri kusan ɗaya, masu tsayuwa sak. Tsamiya da mangwaro da ɗorawa da darbejiya duk suna yi, amma kada a gwada tsamiya da mangwaro, domin ɓawonsu ba ɗaya ba ne. A bar itacen turare, gama yana zubar da ɓawo. A bar wanda aka sassaƙe don magani da wanda wuta ta taɓa. A sa wa kowane itace lamba da ɗan fenti.

3. A sami farar leda mai nuna abin da ke bayanta, girman shafin littafin rubutu, a ja mata layi a raba ta gida 10. A manna ta a jikin itacen daidai ƙirjin babban mutum, a gabas, da yamma, da kudu, da arewa.

4. A kowane gefe a rubuta abu uku: gida nawa cikin 10 ne suke da gansakuka, launi nawa aka gani, da ko akwai mai ganye. In an yayyafa ɗan ruwa launin yakan fito sosai. Mai wayar da ke ɗaukar hoto ya ɗauka, ya ajiye kwalin ashana a gefe don a gane girma.

5. A yi haka sau biyu a shekara, a ƙarshen damina wajen Oktoba, da ƙarshen rani wajen Afrilu. A rubuta kwanan wata. A rubuta kuma duk abin da ya sāke a wurin: an sare itatuwa, an kafa sabon inji, an yi gobara, an yi ambaliya.

6. A wanke hannu da sabulu bayan an gama.

A bayan littafin nan a keɓe shafi don sauran alamu: agwagi ko kaji da suka mutu ba dalili, awaki masu tangaɗi ko makanta, kifi da ya taso matacce, kwaɗi da suka yi shiru a tafkin da aka saba jin su. Irin waɗannan ba a jira Oktoba. A kai labari ga mai unguwa da ma'aikacin lafiya da malamin dabbobi a ranar.

Shekara ɗaya ba za ta nuna kome ba. Shekara biyar za ta fara magana. Littafin makarantar firamare ɗaya a Gummi, da ɗaya a Anka, da ɗaya a Bukkuyum, in an riƙe su shekara goma, za su zama abin da masani zai yi tafiya mai nisa don ya gani.

Kafin nan, ga abin da ba ya jira

Iyaye maza masu aikin dutse, kada dutse ko garinsa ko buhunsa ya shigo gida. A yi wanka a sāke tufafi da takalmi a wurin aiki kafin a dawo a ɗauki yaro. A jiƙa dutse kafin a niƙa don ƙura ta kwanta. Kada a ƙona zaiba a cikin gida ko kusa da mata da yara. Iyaye mata, turmin da ya daka dutse ya gama aikin abinci har abada, haka ma injin da ya niƙa shi. A wanke hannun yara kafin su ci, a shimfiɗa musu tabarma, a yayyafa ruwa kafin shara. Yaron da yake amai, ko ciwon ciki, ko yawan kasala, ko jijjiga, a kai shi asibiti da sauri, a kuma gaya wa likita in akwai mai aikin dutse a gidan.

Malaman makaranta da iyaye da suka fara wannan littafi, ku rubuto mana abin da kuka gani: sunan gari, irin itace, da lissafinku na gefe huɗu. Za mu buga waɗansu a wannan fili domin mutanen wani gari su gwada da nasu. Watan Oktoba ko Afrilu, duk wanda ya fara zuwa, shi ne lokacin shafi na fari.

Allah ya kiyaye mana yaranmu. Sai wata mai zuwa.